Baffa Tela da Kwat ɗin da Bai Taɓa Aunawa Ba

Tsoro ya fara kama ni ne ranar wata Talata, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, a ɗakin karatu na gidan adana tsofaffin takardu. Ina zaune a ƙarƙashin wata fanka mai juyawa kamar an yi mata dole, fayil ɗin kakana a buɗe a gabana, sai idona ya sauka a layin da aka rubuta tsawonsa ranar da ya shiga soja: ƙafa shida da inci ɗaya.

Ban san kakana ba, ya rasu kafin a haife ni. Amma abu ɗaya kowa ya sani a gidanmu, gajere ne. Gwaggona tana cewa in zai ɗauko hularsa daga ƙusa sai ya taka kujera. Kuma duk mun gado shi. Ni kaina in na zauna a benci sosai, ƙafata lilo take yi.

Na buɗe takarda ta biyu. Sojan nan dogo, mai sunan kakana da lambarsa, zazzaɓi ya kashe shi a asibitin sansani shekara biyu kafin a gama yaƙi, an miƙa kayansa ga kukun rukuninsu. Takarda ta uku ta sallama ce. Suna ɗaya, lamba ɗaya, amma tsawo ƙafa biyar da inci huɗu. An dangwala yatsa a ƙasa, an ba mai yatsan fuloti kusa da layin dogo. Fulotin nan shi ne gidan da aka haife ni.

Akawun da ke kula da ɗakin ya leƙo ta saman tabarau.

"Malama, lafiya? Kin yi kamar kin ga kunama a fayil."

Na ce, "Malam, ana samun mamaci ya dawo ya karɓi fuloti?"

"A akwatin nan kaɗai na ga uku. Turawan nan lamba suke dubawa, ba fuska ba. In yi miki kwafi?"

Na ce ya yi. Lokacin da nake karɓa, ba mamacin nake tunani ba, ba ma kukun ba. Baffa nake tunani, da yadinsa, da zuciyarsa da likita ya ce kada a girgiza ta.

Baffa yayan mahaifina ne, shekararsa saba'in da bakwai, tela ne tun yana ɗan sha biyar. Shagonsa yana bakin layinmu, tsakanin mai gyaran rediyo da kantin magani: keke ɗaya baƙa mai feda, teburin yanka da ya sha alli har ya yi fari, da madubin da ya tsage a kusurwa. Da mahaifina ya rasu shi ya riƙe ni, a kan teburin nan na yi duk aikin gida na makaranta, ina ture almakashi gefe. Tef ɗin awo ba ya barin wuyansa. Da aka kwantar da shi a asibiti bara, nas ta yi ta fama ya cire ya ƙi, kafin a sallame shi ya auna likitoci biyu.

Ba ya riƙe sunan masu kawo ɗinki, awonsu yake riƙewa. Sai ya ce, "Uwata, in mai ƙirji arba'in da biyu ya zo, ki ce masa jibi." Uwata yake ce min don sunan mahaifiyarsa aka sa min. In kuma tsokana ta motsa, sai ya ce Digiri.

Unguwarmu yaƙi ne ya haife ta. Lokacin yaƙin Turawa an kafa sansani a bakin layin dogo, aka kwaso maza daga kowace kusurwa. Da aka gama, waɗanda suka dawo da rai aka yanka musu filaye, suka auro mata, suka zauna. Saboda haka kowa a layinmu jikan baƙo ne, kowane gida da labarin inda ya fito. Amma gidanmu kaɗai ke da sarki.

Labarin da Kaka Soja ya bar wa 'ya'yansa shi ne, shi ɗan sarauta ne daga wani tsohon gari mai nisa, an yi rikici kan gado, ya yi fushi ya shiga soja. Kullum da safe, yana goge takalmi, yana jero sunayen kakanninsa ashirin da biyu, tun daga Mai Ganuwa, sarkin da ya kewaye garin da bango shekaru ɗari shida da suka wuce. Doka ɗaya ya kafa: kada ɗansa ko jikansa ya taka garin nan, ko da wasa.

Baffa ya haddace sunayen tun yana ƙarami. Shekarar da matarsa ta rasu, shekara arba'in ke nan, ya sayi farin yadi goma sha biyu, ya fara ɗinka su da zare. Mai Ganuwa a can sama da zare mai ruwan zinare. Waɗanda suka hau mulki da ja, waɗanda aka ture da kore, Kaka Soja da zare launin kakin soja, mu kuma 'yan baya da baƙi, don a cewarsa ba mu yi komai ba tukuna. Tunda an hana shi zuwa garin, sai ya riƙa tare duk wanda ya fito daga wannan nahiya, direba ne ko ɗan kasuwa ko malamin makaranta, ya zaunar da shi da shayi, yana tambayar wa ya haifi wa. Yana da ƙa'ida: suna sabo da alli ake rubuta shi, ba ya samun zare sai baki biyu sun faɗe shi, kuma bakin da ba su san juna ba. Sunayen nan ashirin da biyu ne kawai suka shiga da zare kai tsaye, don maganar uba ba ta neman shaida.

Yadin yana naɗe a jikin wani ƙarfen labule, a saman kanta. Mutanen layi sun san shi, kuma ba su raga wa Baffa.

Mai rediyo yakan leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, wandon talakanka ya samu?"

Baffa, ko ɗaga kai ba ya yi, ya ce, "Aikin fada ba a yi masa gaggawa. Kuma cikinka ya ƙara inci biyu tun da na auna ka, laifin wa?"

Shi da kansa ya aike ni gidan takardun. Na gama jami'a, tarihi na karanta, ina zaune ba aiki. Ya ce, "Digiri, shekara huɗu kina karanta tarihin mutanen da ba su san da ke ba, ga naki a saman kanta. Je ki samo min ranar da tsoho ya shiga soja, in ɗinka a gefen sunansa." An sa ranar taron dangi a ƙarshen wata, ranar ce za a warware yadin gaba ɗayansa karo na farko, 'ya'ya da jikoki kowa ya ga inda yake.

Kwana tara kwafin nan yana cikin jakata. In Baffa ya tambaya, sai in ce akawu bai zo ba, ko an ɗauke wuta. Abinci ya daina shiga. Ko tari ya yi a shago sai gabana ya faɗi, in tuna 'yar kwalbar maganin da yake sawa a ƙarƙashin harshe. A rana ta bakwai na kasa, na tafi wurin Gwaggo, ƙanwarsa, na same ta tana wanki, na karanta mata takardun ɗaya bayan ɗaya.

Ta tsame hannu daga kumfa, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har ta zauna a kan bokiti.

"Kuku. Wallahi na sha faɗa a raina. Wane irin ɗan sarki ne yake yanka albasa goma ba ya hawaye? Innarmu in ta yi miya sai ya ɗanɗana ya yi shiru, shirun nan ya fi zagi ciwo."

"Gwaggo, ba abin dariya ba ne."

"Na sani, 'yar nan, bar ni in gama." Ta share ido da bakin zane. Da ta gama ɗin, fuskarta ta sauya. "Kada ki gaya wa Yaya. Ki ba shi kwanan watan ya ɗinka abinsa. Wanda ya mutu ya mutu, wanda ya dafa ya dafa. Mutumin nan ba shi da mata, ba shi da gona, yadin nan ne kawai."

Na yarda da ita. Har na rubuta kwanan watan a 'yar takarda. Amma na manta da wanda nake shirin yi wa ƙarya. A rana ta tara na shiga shago da takardar a hannu, ya dube ni daga sama zuwa ƙasa, irin kallon da yake yi wa mai kawo ɗinki.

"Rigar nan ni na ɗinka ta watan jiya, daidai take. Yanzu ga inci ɗaya da rabi yana yawo a kafaɗa. Uwata, me kika gano?"

Na buɗe baki in ce ba komai, sai kuka ya zo. Na zaro kwafin na ajiye a teburin yanka.

Baffa ba ya jin Turanci sosai, amma lamba ba ta ɓoye masa. Ya sa tabarau, ya bi da yatsa. Ya tsaya a ƙafa shida da inci ɗaya. Ya tsaya a ƙafa biyar da inci huɗu. Sauran ni na fassara masa, ina yi ina kallon ƙirjinsa, hannuna ɗaya a kan aljihun tebur inda maganin yake. A waje mai rediyo yana ta neman tasha, ƙara tana tashi tana sauka.

Can ya ce, "Je ki kira gwaggonki. Ki biya ɗakina ki ɗauko akwatin ƙarfe."

Abin da ke cikin akwatin na sani, kwat ɗin soja ne na Kaka, mai igiya biyu a hannu. Sau ɗaya a shekara Baffa yake fito da shi ya sha iska, ya goge maɓallan, ya mayar. Ba mai taɓawa sai shi. Na kawo, Gwaggo tana biye da ni tana hararata, ya shimfiɗa shi a tebur ya daidaita kafaɗun. Sai ya zare tef daga wuya.

"Kin san ban taɓa auna shi ba?" in ji shi. "Na auna rabin garin nan. Na auna gawa ma. Wannan ban taɓa ɗora masa tef ba, gani nake rashin kunya ne."

Ya auna kafaɗa, ya yi tsaki a hankali. "Sha tara. Tsoho bai wuce sha shida ba, ni nake masa riga." Ya gangaro bakin hannu, ya murza shi tsakanin yatsu biyu. "Kaurin nan kullum ina jin sa. Ce wa kaina nake shafi ne na Turawa, saboda sanyin ƙasar da suka je."

Ya ɗauki reza. Gwaggo ta ce, "Yaya, kayan tsoho fa." Bai kula ta ba. Ya farke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, ya sa yatsa ya jawo. Hannun kwat ɗin ya warware, ya ƙaru, yadi sabo fil wanda rana ba ta taɓa gani ba, ya fi sauran duhu. Ya ɗora tef: inci huɗu. Ya farke ɗayan, haka. Ya farke ƙasan kwat ɗin, inci shida aka kalmasa ciki.

Ya ɗaga zaren da ya ciro, mai kauri, ya nuna mana. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa, na yi wuf na jawo aljihun tebur. Ashe dariya yake.

"Dubi ɗinki, don Allah. Kamar ana ɗinke buhun shinkafa. Wannan hannun kuku ne, ba makawa."

"To ka gani," in ji Gwaggo. "Sai a mayar a rufe, Allah ya ji ƙan kowa."

"Ba ki ga abin da na gani ba. Bai yanke ba."

"Sai me?"

"Shekara sittin ina wannan aikin. Wanda ya sayi riga ta yi masa yawa, cewa yake a yanke. Wanda ya gada, a yanke. Mutum ɗaya ne yake cewa a ninke ciki kada a taɓa da almakashi, wanda ya san rigar ba tasa ba ce, wata rana za a mayar. Yankewa ta fi sauƙi, ta fi kyau a jiki. Tsohon nan ya yi shekara talatin yana yawo da ƙunshin yadi a wuyan hannu. Ajiya yake yi."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ajiya. Har da fulotin? Har da sunan? Yaya, in maƙwabci ne ya yi wannan, sata za ka kira ta."

"Ban ce bai ci ba. Ya ci, mu ma mun ci, a ciki aka haife mu. Amma sunayen nan da yake jerowa kullum da safe, kin taɓa ganin yana yi yana murmushi? Kamar mai biya karatu yake yi. Mutum yana kwance zai mutu a ƙasar da ba wanda ya san shi, ya faɗa wa mai kawo masa abinci ko shi wane ne. Tsoho tsoro yake kada ya manta kayan mutane."

"Shi ya sa ya hana mu zuwa garin, don ya mayar musu ko?"

Baffa ya sosa ƙeya da bayan reza. "Wannan kam tsoron dukan tsiya ne. Ga shi gajere."

Ni dai ban yi dariya ba. Ina tsaye ina jiran lokacin da abin zai sauko masa, don na san dole ya sauko. Shekara arba'in. Direbobi nawa ya shayar da shayi a kan zuriyar da ba tamu ba?

Bai sauko ba, ko kuma ya sauko inda ban gani ba. Kwana uku da suka biyo baya Baffa ya fi kowa walwala, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya goge kwat ɗin da dutsen guga har layin ninkin ya kusa ɓacewa, ya yi masa kalmasa ta gaskiya a tsawonsa na asali. Ya gama wandon mai rediyo, wanda ya shekara a rataye. Da mai rediyo ya zo karɓa ya ce ranka ya daɗe, Baffa ya ce, "Daga yau sarkin tukunya za ka ce." Mutumin ya yi dariya bai gane ba.

Ranar Laraba da yamma ya sa na taya shi sauko da yadin. Muka warware shi a kan tebur, yana zuba ƙasa ta ɗaya gefen. Ya nemo suna na ashirin da biyu, ya bar sunan sojan a ƙarƙashinsa, ya ja layi da alli, ya ɗauki babban almakashi.

Na riƙe masa hannu. "Baffa, bari a gama taro mana. Ko a sake bincike. Wataƙila akawun Turawa ne ya yi kuskure."

"Akawu yana kuskure, Digiri. Kwat ba ya yi. Takardarki baki ɗaya, hannun rigar nan baki na biyu, kuma ba su san juna ba. Sake ni."

Ƙarar almakashi a yadi ita ce ƙarar da na fi sani a duniya, da ita na girma, amma ranar sai da na toshe kunne. Yadi tara ya tafi sama da sarakunansa. Yadi uku ya rage, mu baƙaƙen zare. A saman namu, inda babu kowa yanzu, ya rubuta Kuku da alli.

"Sunansa na gaskiya fa?" na tambaya.

"Shi nake so in sani. Mutumin da ya san sunan kakannin abokinsa ashirin da biyu, ba mamaki abokin ma ya taɓa rubuta wasiƙa gida ya ambaci mai dafa masa abinci."

A nan ya kamata in gane. Ni da na yi shekara huɗu ana koya min karanta abin da ke bayan magana, na ce masa sai da safe na tafi.

Ranar Alhamis da safe na tarar da shago a kulle. Makulli yana wurin mai rediyo, tare da saƙo: ya tafi mayar da ajiya, kada a ta da hankali, mai ƙirji arba'in da biyu ya dawo wani mako. A ɗakinsa akwatin ƙarfe a buɗe, babu kwat. Wayarsa tana jikin caji a kan taga. Kwalbar magani ɗaya ya ɗauka, wadda aka fara sha, sabuwar tana nan a kan tebur ko buɗe ta ba a yi ba. Na san abin da ya rage a waccan, ba zai kai shi kwana goma ba.

Na ruga tasha. Wani kwandasta ya tuna shi nan take.

"Tsoho gajere mai dogon ƙarfe? Ai mun sha rigima. Na ce a ɗaure a saman mota, ya ce sarakuna ashirin da biyu ba sa hawa saman mota. A cinyar fasinja uku aka shimfiɗa shi. Kuma wai wanda ya ɗinka min rigar nan ya cuce ni a kafaɗa." Ya taɓa kafaɗar. "Hajiya, da gaske ta karkace?"

Garin sarautar, wanda takardar shiga sojan ma ta ambata, tafiyar kwana biyu ce, rabin hanyar ba kwalta. Ban san ko gidan sarautar yana nan ba. Ban san yadda za su karɓi tsohon da ya zo ya ce ubansa ya ci sunan ɗansu shekara tamanin da suka wuce ba, ko za su ba shi wurin zama, ko za su kai shi ga hukuma. Gwaggo tana cewa duk wanda ya ga aikin zaren nan sai ya ba shi ruwa, kuma Baffa ko a kurkuku aka sa shi zai fito da awon gandiroba. Tana faɗa tana dariya, amma jiya na ga ta zuba sukari a miya. Ba ta ce laifina ne ba. Ni nake faɗa wa kaina, kusan kowace sa'a: da na iya riƙe fuskata minti biyar, da yanzu yana shago yana ɗinka kwanan wata.

Taron dangi saura kwana shida, ba mu gaya wa kowa komai ba. Babban ɗan Baffa, wanda nake ce wa Yaya, ya bi bayansa ranar Asabar da sabuwar kwalbar a aljihu. Jiya da azahar ya kira daga mararraba ta ƙarshe. Masu babur sun ce ranar Juma'a da yamma ɗayansu ya ɗauki wani tsoho mai dogon kaya zuwa garin, lafiyarsa ƙalau a lokacin. Yaya ya ce zai shiga, kuma daga nan gaba waya ba ta kamawa.

Yau Litinin, kwana huɗu da tafiyar Baffa. Tun kiran jiya ba mu sake ji daga ɗayansu ba. Muna jiran kiran Yaya.